Wai tadabburi na Alƙur'ani ne kaɗai?

Malamin Hausa, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Tun jiya raina a ɓace yake. Duk Asabar bayan la'asar nakan tara ɗalibai takwas a zaurenmu, mu ɗauki shafi ɗaya tak na ƙagaggen labari. Ɗaya ya karanta a bayyane, a hankali, mu yi shiru na minti biyu, a maimaita, sannan kowa ya faɗi jimlar da ta tsaya masa a rai. Makon jiya wata yarinya ta tsaya a wurin da tsohuwa ke kwance bakin zaninta tana ƙirga cinikin koko, ta ce kakarta ce sak, har muryarta na rawa. Sai ga wani dattijon unguwa wai ina koya wa yara wasa da addini, don na ce musu tadabburi muke yi, wato karatu da zurfin tunani. Yaran nan a dare ɗaya suke haɗiye littafi a waya, da safe ko sunan tauraron ba su riƙe ba. Ni da na koya musu natsuwa ne mai laifi?

Ustaz, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Malam, dattijon bai yi ƙarya ba. Duba Suratun Nisa'i aya ta 82, da Suratu Muhammad aya ta 24, da Suratu Sad aya ta 29. Dukansu da Littafin Allah aka haɗa kalmar. Ka ce nazari, a wuce wurin.

Malamin Hausa: Nazari shi ne abin da muke yi don jarrabawa, jigo da salo da zubi. Wannan daban ne, Ustaz.

Ɗan Rigasa: Ai Larabci ne kawai, duba ƙarshen al'amari yake nufi. Balarabe na amfani da kalmar tun kafin a haifi kakan Ustaz.

Ustaz: Ka bar kakana ya kwanta lafiya. Salla ma addu'a take nufi a lugga, sai ka kira roƙon maroƙi salla?

Maman Rahila, Sabon Tasha: Ku yi haƙuri in sa baki. Mu ma a coci muna da irinsa, lectio divina. Wani ɗan zuhudu mai suna Guigo ya tsara shi mataki huɗu a ƙarni na 12: karatu, bimbini, addu'a, sai natsuwa a gaban Allah. Ni biyun farko nake yi da littafin labari. Addu'a kam sai da Littafi Mai Tsarki, don marubucin labari mutum ne kamar ni.

Ustaz: Kun ji ko? Ashe ma daga can aka kwaso.

Malamin Hausa: Subhanallah. Ni a makarantar allo na koyi maimaita karatu, a gaban Alaramma da bulala a hannunsa.

Hajiya, Malali: Ni tambayata, wane littafin? In na soyayyar nan ne na kasuwar Kano, wallahi 'yata ba ta zuwa.

Ɗan Rigasa: Hajiya, me Kano ta yi miki? Kullum sai kin sako mu.

Hajiya: Ɗan nan, Zariya ce ta fara buga littafin kirki, je ka tambaya. Can Abubakar Imam ya zauna, can aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Ɗan Rigasa: To mu muka sa matan aure karatu a ɗaka, ba ku ba.

Maman Rahila: Yarinyar da ta tuna kakarta fa? Babu wanda ya ce komai a kanta.

Shugaban zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. An kawo ayoyi uku, babu wanda ya iya ture su, saboda haka kalmar ta Alƙur'ani ce kamar yadda malamina Ustaz ya bayyana. Malam ya ci gaba da tara yaransa, amma ya sauya suna, ya kuma je ya ba dattijon haƙuri. Batun Kano da Zariya, Hajiya ta fi hujja. An rufe.

Malamin Hausa: Ranka ya daɗe, ban yarda da wannan taƙaitawar ba. Asabar mai zuwa ƙarfe huɗu da rabi muna zaure, Ustaz ya zo ya zauna minti goma ya gani da idonsa.