Wa aka taɓa dawo masa da tumaki daga Jidda?

Dillalin tumaki, Gadarif

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda harkar fitar da tumaki ta taɓa ƙona wa hannu ya faɗi yadda tasa ta kasance. Tawa a 2020 ce, shekarar da aka yi ta dawo da jiragen tumakin Sudan daga Jidda. Raguna 180 nake da su cikin kayan wani babban ɗan kasuwa, hamari ne jajaye da na sayo daga Kordofan. An yi musu allura, an maƙala musu lamba a kunne, sun cika kwanakinsu a mahjar, wato wurin killace dabbobi, shahada kuwa, takardar shaidar lafiyarsu, ga hatimi ɓaro-ɓaro. Da jirgi ya isa aka ɗebi jinin wasu, aka ce garkuwar zazzaɓin Rift Valley ba ta kai abin da aka yi yarjejeniya a kai ba. Haka aka juyo da su kaf. Na je tashar jirgin ruwa ta Sawakin na tarye su, haƙarƙari sai ka ƙirga, majina ta bushe a hanci, goma sha ɗaya ma ba su dawo ba. Abin da ke ci min rai har yau, ban san inda aka yi kuskuren ba, kuma ba ni da ƙofar da zan buga in tambaya.

Likitan dabbobi, Kasala

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ban ga ragunanka ba, amma ga abin da idona ya gani. Ruwan allura yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Na taɓa isa wata ruga da azahar na buɗe kular mai allura, na tarar ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi, kwalabe suna iyo, shi kuwa ya riga ya yi wa rabin garke. Ba mugu ba ne, ba wanda ya taɓa koya masa. A takarda an yi wa tumakin nan rigakafi, a jininsu babu komai.

Nan ne maganar doka take shigowa. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, WOAH, wadda aka kafa a Paris a 1924 muka fi saninta da OIE kafin ta sauya suna a 2022, tana da babi guda a kundinta kan abin da ya kamata dokar kowace ƙasa ta ƙunsa: wa ke da ikon sa hannu a shahada, wa aka yarje wa ya riƙe sirinji, wa zai hukunta shi in ya yi sakaci. Ta kuma wajabta wa ƙasa ta sanar da ɓullar babbar cuta cikin awa 24. Mai saye a tsallaken teku ba ragonka yake dubawa ba, Alhaji, tambayarsa ita ce ko hatimin ƙasarku abin yarda ne.

Mai kiwo, Mai Wurno

Likita, ka yi maganar sanarwa, to bari in faɗi laifina da bakina. Daminar 2007 ruwa ya kwanta mana a bayan gida, sauro kamar hayaƙi. Tumakina suka fara ɓari, yau ɗaya gobe biyu, 'yan ƙananan kuma su kwana lafiya su wayi gari a miƙe. Babban ɗana shi ke kwashe ɓarin da hannu yana kaiwa rami. Kwana huɗu zazzaɓi ya kayar da shi, ciwon kai har ba ya iya kallon haske. Allah ya tashe shi, amma na yi kuka a makon nan.

Ban gaya wa kowa ba. Maƙwabtana ma haka. Tsoronmu kar a zo a kwashe sauran a ce za a hallaka, mu tashi ba tunkiya ba ko sisi, mutanen gari kuma su ce mu muka ja aka rufe kasuwa. Daga baya muka ji a rediyo zazzaɓin Rift Valley ne ya kama jihohin Farin Nilu da Sinnar da Jazira. Da na san akwai diyya tabbatacciya, wallahi da tun ɓarin farko na aika. Ku da kuke zama da masu rubuta doka, ku gaya musu mace mai tumaki ashirin ba za ta kai ƙarar kanta ba sai ta san ba za a bar ta hannu rabbana ba.

Likitan dabbobi, Kasala

Hajiya, diyyar nan tana cikin babin da na ambata. Gaskiyarki.

Mahauci, Makka

Ni ina wancan ɓangaren. Kar ku ga kamar mutanen nan tsanani suke yi don son rai. A 2000 cutar ta ɓulla a Jizan ta Saudiyya da Yaman, karo na farko da aka gan ta a wajen Afirka, ta kashe sama da mutum 100 a Saudiyya. Mu masu taɓa jini kullum mu ne a bakin wuta. Duk da haka ranar da aka dakatar da tumakin Sudan a Oktoban 2019 na ji a jikina, don masu sayena sawakni, wato ragon Sudan, suke tambaya, na'imi na gida ya fi ƙarfin aljihunsu. Wasu na lallashe su da barbarin Somaliya, har yanzu kuma akwai waɗanda ba su komo ba.

Mai lodi, Bur Sudan

Baba Alhaji, ba allura kaɗai ba ce. Ina Sawakin a Yunin 2022 da jirgi ya nutse a bakin tasha da tumaki sama da 15,000, alhali 9,000 ne ƙarfinsa. Kukansu bai fita kunnena ba, kwanaki kuma teku na turo mushe. Likita, shin ƙa'idar ba ta ce komai kan lodi ba?

Likitan dabbobi, Kasala

Ta ce, ɗana. Akwai babi na musamman kan ɗaukar dabbobi ta teku, da filin da kowace za ta samu, da iska, da ruwan sha. Sai dai ba ya aiki da kansa, dole dokar ƙasa ta ɗauke shi ta ba likitan tasha ikon cewa jirgi ba zai tashi ba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara dagula lamarin, tun da babban ɗakin binciken da ke haɗa mana rigakafi a Soba yake, cikin Khartum.

Dillalin tumaki, Gadarif

Na gode muku duka, Hajiya ke ma Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Likita, ina tara wasu kafin Layya. Akwai halin in biya a ɗebi jininsu a gwada tun suna mahjar, kafin su hau jirgi? Kuma kwana nawa bayan allura ya kamata in jira?