Janairun 2025 ya wuce ba mu sayi kowa ba, ga Havertz ya kwanta: ƙaddara ce ko sakaci?

TunZamaninKanu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa magoya bayan Arsenal.

Tun ranar Asabar, 15 ga Fabrairun 2025, nake son yin wannan magana, amma na bari sai da murnar wasan Leicester ta lafa. Ni ma na yi murna. Lokacin da Merino ya sa kai ya tura ƙwallon da Nwaneri ya ɗago masa cikin raga a minti na 81, ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba. Amma da na kwanta da daddare, abin da ya hana ni barci shi ne, ƙungiyar da ke neman kofin Firimiya ta yi minti 80 ta kasa cin Leicester da ke cikin ukun ƙarshe a teburi, har sai da aka ɗauko Merino, ɗan wasan tsakiya, daga benci aka ce ya je ya tsaya a gaba.

A 1999 na fara son ƙungiyar nan, shekarar da Kanu ya zo daga Inter Milan, kuma kaka ta yi nisa ya zo. Shi ya sa idan mutum ya ce mini ba a samun ɗan wasan kirki a tsakiyar kaka, ba na saurin yarda da shi.

Ku bi ni a hankali mu ga yadda abin ya faru. Ranar 21 ga Disamba Saka ya ji rauni a tsokar bayan cinya a gidan Crystal Palace, har ta kai ga tiyata. Kwana goma sha ɗaya ke nan kafin a buɗe kasuwar saye da sayar da 'yan wasa ta Janairu. Ranar 12 ga Janairu aka fitar da Gabriel Jesus a kan gadon ɗaukar marasa lafiya a wasan Kofin FA da Manchester United, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakarsa ta ƙare. Abin da ya fi ba ni tausayi, a daidai lokacin da ƙafarsa ta fara dawowa ne: uku a ragar Palace a Kofin Carabao, biyu a ragarsu a Firimiya, ɗaya a gidan Brentford. Daga wannan rana zuwa 3 ga Fabrairu da aka rufe kasuwa, makonni uku cur shugabannin ƙungiya suna da su, sun kuma san Havertz ne kaɗai ya rage a lamba tara, wato gurbin ɗan gaba mai cin ƙwallo. Kocinmu Arteta da bakinsa ya yi ta faɗa wa 'yan jarida cewa muna buƙatar ƙarin mutum a gaba. Aka rufe kasuwa ko ɗan aro ba mu ɗauko ba.

Kwana biyu da rufewa Martinelli ya fita da rauni a gidan Newcastle. Aka tafi Dubai atisaye, sai ga labarin Havertz, shi ma tsokar bayan cinya, shi ma tiyata, shi ma aka ce sai kaka mai zuwa. Mutumin da ya fi kowa ci mana ƙwallo a bana, 15 a duk gasa.

Yanzu Liverpool ta ci Wolves, tazarar da ta ba mu a saman teburi ta koma maki 7. Tambayata gare ku, tsakani da Allah: wannan ƙaddara ce ta faɗa mana wadda ba mai iya tare ta, ko kuwa sakaci ne na mutanen da aka ba amanar ƙungiya? Ni dai zuciyata ta fi karkata ga na biyun, amma ina so in ji ta bakinku.

MaiLissafi ya rubuta:

Wa'alaikumus salam yayana. Raɗaɗin da kake ji ni ma ina jin sa, amma akwai abubuwan da ya kamata a ɗora a sikeli kafin a yanke hukunci.

Na farko, batun aro. Dokar Firimiya ba ta yarda ƙungiya ta riƙe 'yan wasan aro fiye da biyu daga sauran ƙungiyoyin gasar a lokaci guda ba. Mu kuma tun bazara muka cike guraben biyu: Sterling daga Chelsea, da gola Neto daga Bournemouth. Don haka duk masu cewa me ya hana mu ɗauko wane ko wane aro daga cikin Ingila, wannan ƙofar a rufe take. Idan akwai kuskure, to a ranar ƙarshe ta kasuwar bazara aka yi shi, da aka ba da gurbi ɗaya ga golan da zai zauna a benci, ɗaya kuma ga Sterling wanda har yau bai nuna mana komai ba a Firimiya.

Sai batun Watkins. An taya shi, Aston Villa ta ƙi. Kuma dole ta ƙi, domin a makon ne take sayar da Duran ga Al-Nassr ta Saudiyya. Wace ƙungiya ce za ta sayar da masu cin ƙwallonta biyu a mako ɗaya, alhali tana Kofin Zakarun Turai? Ga shi shekararsa 29. Idan ka zuba masa kuɗi mai yawa yau, bayan shekara uku ba za ka mayar da rabinsu ba, kuma kuɗin da za a nemi Sesko ko wani matashi da su a bazara sun tafi. Isak kuwa kada ma a kawo zancensa, Newcastle ba za ta sake shi a Janairu ba ko nawa aka ba ta.

Ba a fafe gora ranar tafiya, yayana. Mai sayarwa ya san kana cikin matsi, sai ya ninka maka farashi. Ka tuna Janairun 2014 da muka ɗauko Källström aro daga Spartak Moscow, aka gano bayansa da rauni tun wurin gwajin lafiya, aka dai sa hannu saboda lokaci ya ƙure. Ka tuna musayar Sánchez da Mkhitaryan a Janairun 2018: mu muka ba United namu, suka ba mu nasu, kafin ƙarshen 2019 dukansu biyu suna Italiya a matsayin 'yan aro. Ba wanda ya ci riba a wannan ciniki.

Kada kuma a manta Edu ya ajiye aikinsa na daraktan wasanni tun Nuwamba. Mun shiga kasuwar nan da mai riƙon ƙwarya ne.

'YarEmirates ta rubuta:

Malam MaiLissafi ya yi bayanin kuɗi, ni kuma ina so in taɓa ɓangaren jiki, domin a ganina raunukan nan ba iri ɗaya ba ne, bai kamata a zuba su a kwando ɗaya ba.

Na Jesus ƙaddara ce zalla. Ya bi Bruno Fernandes zai ƙwace ƙwallo, gwiwa ta murɗe. Irin wannan yana iya samun wanda ya huta wata guda, kuma jinyarsa takan kai wata tara. Haka na Ødegaard a Satumba, da ya ji ciwo a idon sawu yana buga wa ƙasarsa. Haka na Merino kansa, da ya karye a kafaɗa a atisayensa na farko da zuwansa. Waɗannan ba wanda zan ɗora wa laifinsu.

Amma Saka, Martinelli, Havertz, har da Saliba da ya ɗan kwanta a Janairu, duk wuri ɗaya ne: tsokar bayan cinya. Wannan tsoka ita ce ke aiki mafi tsanani idan mutum ya zura da gudu, musamman a daidai lokacin da ƙafa ta miƙe gaba tana shirin taka ƙasa. Idan ta gaji ba ta samu kwanakin farfaɗowa ba, wata rana ƙaramin miƙa ƙafa ya ishe ta ta yage. Arteta ya ce Havertz ƙafa ya miƙa zai tare ƙwallo a atisaye. Abin da yake yi kullum ne. Me ya sa sai ranar ta yage? Saboda abin da aka ɗora mata kafin ranar.

Ku ƙirga wasannin Janairu: Brentford, Brighton, Newcastle, United, Tottenham, Villa, Dinamo Zagreb, Wolves, Girona. Tara a wata ɗaya, na United ma har da ƙarin lokaci. Sabon tsarin Kofin Zakarun Turai ya mayar da wasannin zagayen farko takwas, biyu sun faɗo cikin Janairu. Kuma salon da muke bugawa, ɗan gaba shi ne farkon mai tsaro. Havertz ba tsayawa yake yi yana jiran ƙwallo ba, shi ke bin masu tsaron baya da gudu, shi ke tsalle ya karɓi dogayen ƙwallayen gola Raya, shi ke dawowa tare bugun kwana. Bayan an rasa Jesus ba wanda zai karɓe shi ko na minti 20. Ni na ga yadda yake jan ƙafa a ƙarshen wasanni, na tabbata ku ma kun gani.

Saka kuwa tun yana ƙarami ake hawansa. Wasa 87 ya buga a jere a Firimiya, ya karya tarihin Merson na ƙungiya, sannan bazarar da ta wuce ya bi Ingila har wasan ƙarshe na Kofin Turai. Mun yi ta alfahari da cewa yaron ba ya gajiya. Yana gajiya, ba ya faɗa ne kawai.

Saboda haka yayana TunZamaninKanu, ina tare da kai, amma da ɗan gyara. Amfanin sabon ɗan wasa a Janairu ba wai ya zo ya ci ƙwallo 10 ba ne kaɗai. Ko da matsakaici ne, da ya ɗauke wa Havertz wasa biyu ko uku. Tsorona yanzu Nwaneri ne. Shekararsa 17, ya riga ya fita da rauni a Brighton a farkon Janairu, ga shi yanzu dole ya buga kowane wasa.

TsohonHighbury ya rubuta:

Allah ya yi miki albarka 'yata, kin faɗi abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba.

Ni Janairu biyu kawai zan tuna muku. A 2022 muka saki Aubameyang ya tafi Barcelona, ba a kawo kowa a madadinsa ba, aka bar mu da Lacazette da Nketiah. A wannan watan Tottenham ta ɗauko Kulusevski da Bentancur daga Juventus. Kaka ta ƙare su maki 71 mu 69, suka tafi Kofin Zakarun Turai suka bar mu a na biyar.

A Janairun 2023 kuwa Jesus yana jinyar ciwon gwiwar da ya dawo da shi daga Kofin Duniya na Katar. Muka bi Mudryk, Chelsea ta ƙwace shi. Ba a naɗe hannu an ce tunda babu na farko shi ke nan ba, cikin kwanaki aka juya aka ɗauko Trossard daga Brighton a ƙasa da fam miliyan 30, aka ƙara da Jorginho. Trossard ɗin nan ya ba da ƙwallo uku aka ci kafin hutun rabin lokaci a gidan Fulham, kuma shi ne ya ba Merino ta biyu ranar Asabar. Abin da na kasa gani a bana shi ne wannan shiri na biyu. An je wa Watkins a makon ƙarshe, da aka ƙi sai aka dawo gida.

TunZamaninKanu ya rubuta:

Na gode muku duka. Malam MaiLissafi, maganar guraben aro ban san ta ba sai yau, kuma na karɓa. Amma dokar ta tsaya ne a kan ƙungiyoyin Ingila, ba ta hana ɗauko ɗan aro daga waje ba. Tel ya bar Bayern Munich ya zo Landan ɗin nan, Tottenham ce ta same shi. Kolo Muani ya bar PSG ya tafi Juventus aro, ya ci biyar a wasanninsa uku na farko. Ban ce lallai su ne maganinmu ba, amma mutane sun motsa a kasuwar da ake ce mana babu kowa a cikinta. Manchester City da muka lallasa 5-1 ta kashe kusan fam miliyan 180, kuma a ranar da muke fama da Leicester, Marmoush ya zuba wa Newcastle uku shi kaɗai. Newcastle ɗin da muka buga da ita sau biyu a Carabao ba mu ci ko ɗaya ba.

Källström ma da ka kawo, ka tuna ya buga fenareti ya ci a wasan kusa da na ƙarshe da Wigan, kuma a shekarar muka ɗauki Kofin FA bayan shekara tara ba kofi. Da babu gara ba daɗi.

Inda na sauya ra'ayi shi ne inda 'yar'uwa ta kai mu. Da ina kallon abin a matsayin masifa biyu daban, raunuka a gefe, rashin saye a gefe. Yanzu na ga ɗaya ce ta haifi ɗaya. Kuma tushen ya koma bazara, da aka sayar da Nketiah da Smith Rowe, aka ba da Nelson da Vieira aro, mutum huɗu suka fita daga gaba, Sterling kaɗai ya shigo.

Ranar Asabar West Ham za ta zo Emirates, kuma na tabbata baya za su koma su tsaya. Ni da zan zaɓa, da Merino zan fara a lamba tara tun minti na farko, Trossard a hagu, Nwaneri a dama, a riƙa ɗaga ƙwallo sama tunda mun ga abin da kan Merino ya yi wa Jamus a Kofin Turai a bazara. Sai dai idan an kai minti 60 ba a ci ba, Arteta ya waiwaya benci, wa zai gani banda Sterling? Baba TsohonHighbury, kai da wa za ka fara?