"Na dawo da shi asalinsa": cacar baki kan tsohon akwatin Pac-Man

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau dai sai na amayar da abin da ke cikina. Wata biyar ke nan ina fama da wani tsohon akwatin gem na Pac-Man, dogon nan da ake tsayawa a gabansa a jefa tsaba. Da ya zo hannuna ƙasansa ya sha ruwa har katakon ya kumbura, ɓera ya yi sheƙa a bayan ƙofar tsaba, in ka jona wuta ba abin da za ka ji sai ɗan gurnani. Ban taɓa riƙe ƙarfen dalma ba kafin wannan aikin. Na yanke ruɓaɓɓen katakon na sa sabo, na cike ramuka, na goge, na sake masa fenti ruwan ɗorawa, na sa sabuwar robar gefe da sabuwar sandar da ake juya wasan da ita. Sikirin mai ƙeya na cire na sa LCD, wato shafaffen sikirin na zamani, don kowa ce min yake wutar cikinsa kisa take. Tsohon fanel ɗin ma, wato allon lantarkin da wasan ke ciki, na ajiye, na sa irin mai wasanni 60. Jiya na ɗora hoto na ce alhamdu lillahi na dawo da shi asalinsa, sai wani babba a nan, ba zan kama suna ba, ya rubuto min kalma ɗaya tak: "Ɓarna." Maganata ita ce manyan wannan harka su ke korar sababbi. Kana wahala ba mai koya maka, sai ka gama a zo a yi maka dariya. Sannan ina da tambaya: sandar tana ƙin shan kwana in na juya da sauri, me ke jawo haka?

Kawu Mai Dalma: Wa alaikumus salam. Ba sai ka ɓoye suna ba ɗana, ni ne, kuma ban janye ba. Aikin katakonka ya yi kyau, wannan na ba ka. Amma ka cire sikirin, ka cire fanel, ka cire sanda, sannan ka ce asali? Asalin me? Abin da ya rage kabad ne mai fenti.

Ɗan Autan Zaure: Kabad mai fenti! Wallahi Kawu ba ka da dama.

Yaya Babba: Kawu, a yi masa adalci. Da ya ce asali, kamanni yake nufi. Wanda ya hango akwatin daga bakin ƙofa zai ce Pac-Man ne.

Kawu Mai Dalma: Daga bakin ƙofa, eh. Ya matso ya gani. An zana wasan nan ne don kwalbar sikirin da aka kafa a tsaye, ɗigo 224 a faɗi, 288 a tsawo. Kwalba ita ke narkar da ɗigon nan su haɗe, baƙin ya zama baƙi ƙirin, shuɗin layukan ya riƙa sheƙi. A LCD sai ka ga hoton ya zama tubali-tubali, baƙin ya koma toka-toka. Ga ɗan jinkiri tsakanin hannunka da abin da ido ke gani. Tsohuwar zuma da ita ake magani.

Malam Gyara-Kayanka: Tunda asali ake magana, bari in gyara wa kowa zama. Akwatin nan ruwan ɗorawa da kuke ta rantsuwa da shi, shi ma ba shi ne asali ba. Kamfanin Namco ne ya yi wasan a Japan a 1980, Toru Iwatani ya tsara shi, kuma sunansa na farko Puck Man. Kamfanin Midway lasisi kawai ya karɓa ya ƙera nasa akwatunan a Amurka. To Kawu, in asali kake so, sai ka fara sauya sunan da ke goshin naka akwatin.

Kawu Mai Dalma: Malam, wannan kuma neman magana ne. Midway da izinin masu abu ya yi. Abin da ya fito daga masana'anta a zamaninsa, shi ne asali.

Malam Gyara-Kayanka: Madalla, ka shigo hannu. Donkey Kong fa? A 1981 Nintendo na da tarin akwatunan Radar Scope da suka yi kwantai a Amurka, sai aka cire cikinsu aka zuba Donkey Kong. Ms. Pac-Man kuwa ta samo tushe ne daga Crazy Otto, wani ƙarin fanel da samarin General Computer Corporation suka yi don a ɗora a kan Pac-Man. Su masu akwatunan tun a wancan lokacin, da wasa ya daina kawo kuɗi sai su yaye shi su sa wani. Shi ya sa ma aka fito da tsarin JAMMA a 1985, mahaɗa ɗaya mai haƙora 56, ka zare wannan fanel ka soka wancan. Harkar nan tun fil azal a kan sauye-sauye take tafiya. Yaron nan gadon magabata ya yi.

Ɗan Autan Zaure: Malam ya zo da laburarensa a ka.

Kawu Mai Dalma: Waɗancan fanel na gaske suka cire suka sa fanel na gaske. Wannan mai wasanni 60 kwaikwayo ne kawai yake yi. Ka saurari ƙarar jiniyar da ke tashi a bayan wasan, ka gaya min ko ɗaya suke. A Pac-Man na gaske akwai Z80, ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da wasan, yana aiki a ciki. Wannan kuwa hotonsa ne.

Yaya Babba: Ni dai na saurara ban ji bambanci ba.

Kawu Mai Dalma: Kunne ma sai an horar da shi.

Hajiya Galaga: Ƙanena Sabon Shiga, ka bar su da asalinsu, ga amsar tambayarka. Ina kyautata zaton sandar da ka sayo mai fuska 8 ce. Pac-Man sama da ƙasa da dama da hagu kawai ya sani. In ka juya da sauri sandar na bi ta kusurwa, ta danna makunnai biyu lokaci guda, wasan ya rasa wanne zai bi. Ka leƙa ƙarƙashinta, da yawansu suna da wani faranti da ake juyawa ya koma fuska 4. In naka ba shi da shi, ka nemi sanda mai fuska 4. Kuma don Allah kar ka jefar da tsohon fanel da sikirin ɗin.

Mai Ƙwan Lantarki: Ni abin da ya tsaya min a rai cewa da ya yi wutar sikirin kisa take. Wa ya taɓa mutuwa? Ku kawo suna ɗaya. Tatsuniya ce da masu gyara suka ƙirƙira don kar a raba su da sana'a.

Yaya Babba: Wani abokin yayana ya ce ya san wanda ta jefa har bango.

Mai Ƙwan Lantarki: Abokin yayanka ya san wani. To Allah ya ba shi lafiya, ko waye shi. Ni sau uku tana ja na, ga ni ina rubutu.

Hajiya Galaga: Sau uku tana jan ka ba abin alfahari ba ne, shaida ce cewa ba ka sauke cajin kafin ka taɓa. Kar ka sa yara su ɗauka wasa ne. Jar wayar nan mai kauri da ke maƙale a jikin kwalba da robar da ta yi kama da kofi, wajen volt 20,000 take kaiwa in sikirin na aiki. Kuma kwalbar na riƙe caji ko an zare wuta. Ko jan bai kashe ka ba, fizgar hannun da za ka yi ta isa ka tsage fata a jikin ƙarfe, ko ka doke wuyan kwalbar, wanda siriri ne kuma cikinsa ba iska. Da ya fashe, sikirin ya tafi ke nan. Ban da haka, da yawan tsofaffin sikirin ɗin nan dole sai ta cikin taransifomar da ke raba su da wutar bango ake ba su wuta. Ka jona kai tsaye, ƙarfen jikinsu na iya ɗaukar wuta. Sabon hannu ya nemi wanda ya iya ya tsaya a kansa a karon farko, ba kunya ba ce.

Mai Ƙwan Lantarki: Hajiya, na ga wani a bidiyo ya sauke cajin da sukundireba da 'yar waya, minti ɗaya bai kai ba.

Hajiya Galaga: Haka ake yi, bayan an zare wuta, an ɗaure wayar a ƙarfen jikin sikirin, hannu ɗaya a aljihu. Wanda ka gani a bidiyon ya yi sau ɗari kafin ya kunna kyamara.

Kawu Mai Dalma: Yawwa Hajiya. Kuma da ya tambaya da an gaya masa cewa yawancin sikirin da ake cewa ya mutu, kafasitocinsa ne suka bushe saboda shekaru. A sauya su, a sake dalmar wuraren da suka tsage, sai ka ga hoto ya dawo. Fanel ɗin Pac-Man kuma ciwonsa sananne ne: haƙoran mahaɗar da wuta ke bi suna ƙonewa su yi baƙi, mazaunin fis ya yi tsatsa. Kafin ka yanke wa fanel hukunci, sa mita ka ga ko akwai volt 5 a kansa. Amma bai tambaya ba.

Sabon Shiga: Kawu na tambaya. Tun watan farko na ɗora hoton cikin akwatin na ce daga ina zan fara. Mutum biyu suka sa alamar babban yatsa, shi ke nan.

Kawu Mai Dalma: Ban gani ba ɗana.

Ɗan Autan Zaure: Tunda an ambaci mita, Kawu, ina mitar da na ara maka? An kusa shekara.

Kawu Mai Dalma: Kai yaro, nan ne wurin wannan maganar? Mitar da ka kawo min batirinta ya zube a ciki, ni na wanke ta na sa mata sabbin wayoyi.

Ɗan Autan Zaure: Ashe ka sauya mata wayoyi. To yanzu asali ce ko ɓarna?

Yaya Babba: Auta, ka ji tsoron Allah. Kawu sa'an mahaifinka ne.

Ɗan Autan Zaure: Tambaya na yi Yaya. In sabbin kafasita ba su ɓata asali, sabuwar robar gefe ba ta ɓatawa, sabon fenti ba ya ɓatawa, a ina aka ja layin? Wa ya ja shi?

Malam Gyara-Kayanka: Fentin ma akwai magana. Zanen gefen akwatin Midway a jikin katakon aka buga shi. Wanda ya goge ya liƙa sitika ya riga ya rabu da shi har abada. Sikirin kuwa ana iya mayarwa gobe. In ɓarna ake nema, ta fenti ta fi ta LCD, amma Kawu ya ce aikin katako ya yi kyau.

Kawu Mai Dalma: Na ce aikin katako, ban ce fenti ba. Kar ka sa min magana a baki.

Malam Gyara-Kayanka: Koma sama ka karanta.

Kawu Mai Dalma: Na karanta. Kai da a kwamfuta kake buga komai da MAME, manhajar nan mai kwaikwayon tsofaffin wasanni, ko ƙamshin cikin akwati ba ka sani ba.

Malam Gyara-Kayanka: MAME ɗin da kake rainawa, tun 1997 da Nicola Salmoria ya fara shi, ya tsare wasannin da fanel ɗinsu suka ruɓe a ɗakunan ajiyar irinku. Kuna tara su kuna hana kowa taɓawa.

Mai Ƙwan Lantarki: Har yanzu dai ba wanda ya kawo min sunan mamacin.

Yaya Babba: Kai kuma ka ƙyale mu da mamacinka.

Hajiya Galaga: Ni abin da ke ba ni dariya, a kan tsohuwar kwalbar Pac-Man ko a kashe take za ka ga zanen layukan wasan ya ƙone a jikin gilashi, saboda shekarun da ta yi tana nuna hoto ɗaya. Wasu su ce lahani ne su nemi wata kwalbar, wasu su ce ai shi ne shaidar asali. Ko ku masu asalin ba ku daidaita a junanku ba.

Kawu Mai Dalma: Wannan tabon ado ne Hajiya. Furfura ce.

Shugaban Zaure: To jama'a ya isa haka, zan rufe wannan zaren. Ga abin da aka cimma. An yi ittifaƙi cewa akwatin da aka cire wa sikirin mai ƙeya ba a kiransa asali, kamar yadda Kawu ya yi bayani mai gamsarwa, kuma duk wanda ya taɓa buga wasa a kan kwalba ta gaske, irin biyun da ke ɗakina, ya san haka. Malam Gyara-Kayanka ya kawo tarihi, mun gode, sai dai bai shafi batun ba. Hajiya ta tabbatar da cewa gyaran sikirin abu ne mai sauƙi in an bi a hankali. Zargin cewa manya na korar sababbi ba a kawo hujja a kansa ba. Muna shawartar ƙanenmu ya gyara rubutun hotonsa ya cire kalmar asali. Maganar mita a yi ta a gefe.

Malam Gyara-Kayanka: Ittifaƙi da wa, ranka ya daɗe? Ni dai ba a tambaye ni ba.

Hajiya Galaga: Ni ban ce mai sauƙi ba ne, Shugaba.

Sabon Shiga: Hajiya, sai yanzu na ga amsarki a can tsakiya. Na kwance sandar, akwai farantin, na juya shi. Tana shan kwana yanzu. Tsohon sikirin yana nan a lulluɓe da bargo, wa zai tsaya a kaina in na tashi buɗe shi?

Ɗan Autan Zaure: Kawu zai zo, da mitata.