Wa ya taba harba harsashin da aka sake cikawa? Ku fadi abinda ya faru

Dan Gwale:
Salam yan uwa mafarauta. Yayana da yake zaune a Amurka ya zo hutu muna hira yake cemin shi da kansa yake cika harsashin bindigarsa ta farauta, .300 Winchester Magnum, wadda aka fara yi tun 1963, wai yana da dan sikeli yana auna albarushin da wani ma'auni "giren", guda 7000 ne suke yin fam daya, kuma littafin awon albarushi yake bi baya kara ko kwaya. Sai na tuna kwansunan da ake sake cikawa anan da ido kawai a sayar mana. Dan Allah wanda ya taba amfani da su ya bamu labari.

Na Kofar Mata:
Ni ya taba faruwa dani wlh. Lokacin damina ne na sayi guda biyar saboda arha, na hango zabi na ja kunama shiru, na sauke bindigar zan duba sai ta tashi, kasa ta ci. Da na juyo da bakin wajen yarona fa? Har yau in na tuna jikina sanyi yake yi. Tun ranar in ta ki tashi bakin yana kallon gaba nake jira kafin in bude.

Mai Adaka:
Yaro, naka da sauki. Wani abokin farautarmu ya fasa harsashin zamani ya juye garin cikin harbi-ka-ruga, yana ganin ai duk albarushi ne. Ba daya bane, na zamanin da baya hayaki karfinsa ya wuce abinda bututun makera zai dauka, bututun ya tsage ya tafi masa da yatsu biyu, ni na daure hannun da rawanina muka kai shi asibiti.

Dan Gwale:
Subhanallahi Baba, Allah ya kara masa lafiya. Abinda yayana ma yace kenan, ko a magnum din ba kowane gari ake zubawa ba, mai ci a hankali suke sa mata, kuma kwanson yana mikewa duk harbi, in ya tsufa yana iya rabewa ta gindi, sai ya jefar.

Malamin Tarauni:
Ku tuna can doka ta yarda musu. Mu nan Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum kera ko hada harsashi a gida, ko gyaran bindiga sai da izini. Ni dai na taba karbar guda biyu kyauta, da na ga bakinsu an like da kakin kyandir ban harba ba, na mayar wa mai su.

Na Kofar Mata:
Irinsu ne nawa Malam, kakin ma har ya fara narkewa a aljihuna.