Muhawara: Shin An Yi Wa Kundin Invincible Na Michael Jackson Rashin Adalci?

Injiniya: Assalamu alaikum, jama'a. Ra'ayina shi ne, a cikin kundayen waƙoƙin da Michael Jackson ya fitar bayan ya girma, babu wanda aka yi wa rashin adalci kamar Invincible, wanda ya fito a ƙarshen watan Oktoba na 2001, kuma shi ne kundin sababbin waƙoƙi na ƙarshe da ya saki kafin mutuwarsa a watan Yuni na 2009. Duk lokacin da ake hirar mutumin nan, sunayen da ake kawowa su ne Off the Wall da Thriller da Bad, wani lokaci a haɗa da Dangerous, daga nan sai a yi shiru kamar muryarsa ta ɗauke ke nan. Ni kuwa a ganina, a cikin wannan kundi ne ya rera wasu waƙoƙi masu sanyi da suka fi nuna ƙwarewar muryarsa, alhali yana da shekara 43 a duniya. Duk mai ja da wannan magana, ya zauna a natse ya saurari Butterflies da Break of Dawn da Speechless, sannan ya dawo mu yi magana.

Malama: Wa alaikumus salam. Kafin mu yi nisa, Injiniya, ina so ka bayyana mana ma'aunin da ka ɗauka ka auna rashin adalcin. Kundin nan da fitowarsa ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, ya hau na ɗaya a Birtaniya, kuma an sayi kwafi fiye da 360,000 a makon farko a Amurka kaɗai, daga baya cinikinsa ya kai miliyoyi a duniya. Waƙar You Rock My World ta shiga sahun goma na farko, har aka sa ta takarar kyautar Grammy. Mawaƙa da yawa da za su samu rabin wannan, da sun yanka rago. Ta yaya abin da ya samu irin wannan karɓuwa zai zama wanda aka raina?

Injiniya: Allah ya ƙara miki lafiya, Malama, tambayarki tana kan hanya. Amma sunan mutumin ne ya sayar da kundin a makon farko, domin masoyansa sun shekara shida suna jira tun bayan HIStory na 1995. Mako guda kawai ya yi a saman jadawalin Amurka, sai kundin Britney Spears ya ture shi. Abin da nake kira rashin adalci shi ne yadda masu sharhi suka saurare shi. Sun ajiye Thriller a gefe guda na sikeli, wato kundin 1982 da ya fi kowane kundi ciniki a tarihi, wanda mai shi ya kwashi kyautar Grammy takwas a dare ɗaya a 1984, sannan suka ɗora Invincible a ɗaya gefen suka ce bai kai ba. Wane kundi ne a duniya zai kai? Ƙari a kan haka, tun daga zargin lalata da yaro da aka yi masa a 1993, jaridu sun fi sha'awar fuskarsa da gidansa da shari'o'insa a kan abin da ke fitowa daga maƙogwaronsa, har sharhin kundin ma ya koma sharhin rayuwar mai shi.

Kawu: Ku bari in sa baki, tunda a shekarun nan ina da shagon kaset. Injiniya yana da gaskiya ta wani gefe, sai dai akwai laifin da kundin ya jawo wa kansa, kuma na gan shi da idona. Al'adar mai saye ita ce ya tsaya a bakin kanta ya ce a saka masa ya ji, kuma ba ya wuce waƙa biyu zuwa uku kafin ya yanke hukunci. To waƙoƙi uku na farko, Unbreakable da Heartbreaker da Invincible, duka kiɗan na'ura ne mai ƙarfi da kakkaryewa, kuma a haɗe sun haura minti 15. Sai ka ga mutum ya yamutsa fuska, ya ce a yi gaba, a yi gaba, daga ƙarshe ya ce a ba shi Dangerous kawai. Daɗin kundin sai a waƙa ta huɗu yake farawa, kuma mafi yawan masu saye ba su kai can ba.

Sannan ga tsawo. Waƙoƙi 16 ne, kusan minti 77. Masu kwafa a kaset mai minti 60 sai su datse wutsiyar, kuma a wutsiyar nan Whatever Happens take, ta 15, wadda Carlos Santana ya kaɗa jita a cikinta. Akwai waɗanda suka mallaki kaset ɗin shekara da shekaru ba su san da waƙar ba.

Malama: Kawu ya taɓo inda nake son zuwa. Thriller waƙoƙi tara ne, minti 42 ko kusa da haka, kuma bakwai daga cikinsu sun shiga sahun goma na farko a Amurka. Dalili shi ne akwai furodusa Quincy Jones a situdiyo, dattijon da yake iya duban Michael ya ce masa wannan waƙa ba za ta shiga ba. A Invincible babu mai wannan matsayi. Rodney Jerkins, wanda ya haɗa kiɗan waƙoƙin farko, yana da shekara 24 a lokacin, ya taso ne yana kallon Michael a talabijin, to da wane baki zai ce masa a'a? An ruwaito cewa kuɗin da aka kashe wajen aikin ya kai dala miliyan 30, aka yi ta naɗa ana ajiyewa shekara da shekaru, kuma duk da haka ba a samu wanda zai tace ba.

Babbar hujjata kuwa ta shafi alƙalami ne. Ana gabatar mana da Michael a matsayin mawaƙi mai rubuta waƙarsa da kansa, alhali waƙoƙi biyu ne kawai a kundin da ya rubuta shi kaɗai, Speechless da The Lost Children. Ita Butterflies da ake ta yabo, Andre Harris da Marsha Ambrosius ne suka rubuta ta. A kundin Bad na 1987 shi ya rubuta tara daga cikin goma sha ɗaya. Idan aka duba jigogin ma, maimaici ne ya yi yawa: Privacy ƙorafi ne a kan 'yan jarida, wanda ya riga ya yi a Leave Me Alone, ya sake yi a HIStory, Cry kuwa kira ne na gyara duniya, wanda Man in the Mirror da Heal the World suka fi ta isar da shi. Ban ce kundin ba shi da daɗi ba, amma mutumin da ya saba jan zamani a bayansa, a nan shi ne yake bin zamani a guje.

Auta: Malama, a gafarce ni, ina da ja a kan maganar bin zamani. Ni ban san kundin a kaset ba, a waya na fara jin sa, waƙa ɗaya bayan ɗaya ba bisa jeri ba, kuma ban san a wace shekara aka yi shi ba sai daga baya. Da na ji Heartbreaker na ɗauka waƙar wajen 2012 ce, saboda irin yadda aka yayyanka sautin na'ura a cikinta ya fi kama da abin da ya yi tashe shekara goma bayan fitowarta. Abin da ya sa abokan cinikin Kawu suka yamutsa fuska, shi ne abin da kunnen tsararmu ya saba da shi.

Malama: Auta, na ji wannan hujja a wurin mutane da dama, kuma ban gamsu ba. Yayyanka sauti irin wannan yana nan a kiɗan furodusa Timbaland tun ƙarshen shekarun 1990. Kuma ka tuna mawaƙi kuma furodusa Pharrell Williams ya faɗa da bakinsa cewa wasu waƙoƙin da suka shirya domin Michael ba a karɓa ba, sai suka ƙare a kundin Justified na Justin Timberlake a 2002, har da Rock Your Body. Wato an kawo masa salon da ya dace da shi, mai ƙamshin Off the Wall, aka mayar, wani yaro ya ɗauka ya yi suna da shi.

Injiniya: Bari in koma kan maganar alƙalami, domin a nan ne nake ganin Malama ta yi tsauri fiye da kima. A Thriller ɗin da muke yabo, waƙoƙi huɗu ne kawai cikin tara Michael ya rubuta. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta Rod Temperton ne ya rubuta, Human Nature ta Steve Porcaro da John Bettis ce, Man in the Mirror ta kundin Bad da kika ambata kuwa Siedah Garrett da Glen Ballard ne suka rubuta ta. Babu wanda ya ce waɗannan ba waƙoƙinsa ba ne. A Invincible sunansa yana cikin marubutan mafi yawan waƙoƙin, kuma an san yadda yake aiki: ba ya rubuta kiɗa a takarda, da bakinsa yake rera kowane sashe a rikoda, ya yi ganga da leɓe, ya yi sautin jita da murya, sannan makaɗa su bi.

Speechless ta isa shaida a kan abin da ya rage masa na baiwa. Tana farawa da muryarsa tsura, babu ko ɗigon kiɗa, har kana jin numfashinsa tsakanin kalmomi. Sai kayan kiɗa su shigo a hankali, 'yan amshi su biyo baya, waƙar ta riƙa hawa mataki bayan mataki, sannan a ƙarshe komai ya janye a bar shi shi kaɗai kamar yadda ya fara. Ya ce ya rubuta ta ne bayan wasan jifa da balan-balan na ruwa da ya yi da yara a Jamus. Butterflies kuwa, ko da wasu ne suka rubuta, a saurari yadda yake tashi daga muryarsa ta ƙirji ya koma siririya ba tare da an ji gaɓar ba. Waƙar ta kai matsayi na 14 a Amurka ba tare da an yi mata bidiyo ba, kuma wannan ne ya kawo ni kan kamfanin Sony. Bidiyo biyu kawai aka yi wa kundin, na You Rock My World da 'yan fim Chris Tucker da Marlon Brando suka fito, sai na Cry wanda shi kansa bai fito a ciki ba. Cikin 'yan watanni aka daina tallata shi. Shi ya sa a watan Yuli na 2002 ya tsaya a Harlem ta birnin New York ya zargi shugaban Sony Music na lokacin, Tommy Mottola, da wariyar launin fata da cutar mawaƙa baƙaƙe.

Malama: Zargi ne, kuma kamfanin ya musanta shi. A faɗi ɗaya ɓangaren ma, Injiniya. Michael bai yi rangadin tallata kundin ba, alhali ya zaga duniya domin Bad da Dangerous da HIStory. Kuma ya riga ya nuna wa kamfanin cewa yana shirin barinsa. Ɗan kasuwa ba ya zuba taki a gonar da aka ce masa baɗi ba shi zai noma ba.

Kawu: Dukkanku kun faɗi gaskiya, sai dai kun bar abu biyu. Na farko, a lokacin Michael da Sony abokan tarayya ne, tun 1995, a kamfanin Sony/ATV, mai riƙe da haƙƙin mallakar mafi yawan waƙoƙin ƙungiyar mawaƙa ta Beatles, waɗanda ya saya a 1985 a kan dala miliyan 47.5. Rigimarsu ta wuce ta kundi ɗaya, rigimar dukiya ce, kundin ya faɗa tsakani ne kawai. Na biyu shi ne lokaci. Ya yi manyan wasanni biyu a Madison Square Garden a ranakun 7 da 10 ga Satumba na 2001 domin cika shekara 30 da fara waƙa shi kaɗai, washegarin na biyun aka kai hare-haren 11 ga Satumba a birnin. Kundin ya fito bayan mako bakwai, hankalin Amurkawa yana kan makoki da yaƙin Afghanistan.

Malama: Na karɓi maganar lokaci, Kawu, kuma na yarda da Injiniya a kan murya. Break of Dawn da Heaven Can Wait da Butterflies da Speechless da Whatever Happens, har da Don't Walk Away, sun cancanci a san su fiye da yadda aka san su. Amma waƙoƙi shida ke nan, idan aka ƙara You Rock My World bakwai. Su aka zalunta, kuma cikin waɗanda suka zalunce su har da sauran taran da aka cusa a tsakaninsu.

Injiniya: Bakwai cikin kundi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, Malama, kuma lissafinki bai cika ba. Kin bar Unbreakable, wadda aka saka tsohon baitin mawaƙin rap Notorious B.I.G. a cikinta shekara huɗu bayan kashe shi, kuma bugun fiyanon da ke ɗauke da ita yana cikin mafi ƙarfi da Michael ya taɓa hawa. Kin bar Threatened, wadda aka harhaɗa muryar Rod Serling, mai gabatar da shirin talabijin na The Twilight Zone, a cikinta. Da su sun zama tara, daidai adadin Thriller.

Auta: Yaya Injiniya, a ƙara 2000 Watts su zama goma. Ya rera ta da kakkaurar murya har mutane da yawa suka ɗauka wani ne daban.

Malama: Unbreakable zan iya bari ta shiga idan aka rage mata minti biyu, domin ta haura minti shida ba tare da dalili ba. Threatened inuwar waƙar Thriller ce, amma ba zan yi faɗa a kanta ba. Ita 2000 Watts kuwa, Auta, waƙa ce da ke lissafa kayan sauti da ƙarfin lasifika daga farko har ƙarshe, kuma ita ce ta farko da zan cire ko da Injiniya da Kawu sun haɗu sun roƙe ni.