Ta yi shiru, ya ɗauki hoton: amincewa ce?

Mai Studiyo: Jama'a, ku yi mini adalci. Wata mai ɗinki ta kawo yarinya studiyona a Zoo Road, Kano, don tallan kayan Sallah. An biya ta, an biya ni. Da muka zo rigar ƙarshe, mai buɗaɗɗen baya, na ce ta sauke mayafi ta ɗan juya, ta juya. Na ɗora hoton a shafina na Instagram. Yau ga yayanta har bakin shago, wai na tozarta musu gida. Ni dai matsayina ɗaya ne: wadda ta zo da ƙafarta, ta karɓi kuɗi, ba ta ce a'a ba, ta amince.

Mai Kwalliya: Yaya, ka manta ni na yi mata kwalliya ranar? Sau uku kana ce mata ta juya kafin ta juya. Maza uku ne a ɗakin, kai da yaranka biyu masu riƙe fitila. Da ka ce "sauke mayafin", ba kai ta kalla ba, mai ɗinkin ta kalla, ita kuma ta kau da kai don tana son rigarta ta fito. Ina gyara mata jan baki leɓenta na rawa. A Adaidaita muna komawa ta ce mini, "Anti, wannan na ƙarshen ai ba za a sa ba ko?" Na ce mata ba za a sa ba, don ban zaci za ka sa ba. Abin yana cina har yanzu.

Mai Studiyo: To me ya hana ta buɗe baki?

Mai Kwalliya: Kunya, da tsoron kada a ce ta ɓata aiki a hana ta kuɗinta. Kai ba baƙo ba ne a garin nan.

Mai Hoton Biki: Ni ina bayan Mai Studiyo a abu ɗaya. Mu ba masu duba ba ne, ba mu san abin da ke zuciyar mutum ba. Kuma ai ko a aure an ce shirun budurwa izininta ne.

Malam: Ɗana, kada ka jawo hadisi inda bai je ba. Wannan a kan aure ne, inda waliyyinta ke tambayarta, kunya ta hana ta cewa "ina so". Ba a kan baƙon namiji da ya ce ta yaye mayafi ba. Ni ma tun daga nan nake ganin kuskuren, ko da ta yarda da bakinta.

Ɗalibar Shari'a: Malam, a gafarce ni, bari in ƙara ta fuskar doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce shiru ba amincewa ba ne, kuma wanda ya amince yana iya janyewa daga baya. Sannan ana cakuɗa abu biyu: yarda a ɗauke ka daban, yarda a watsa daban. Don tallan mai ɗinki ta zo. Wa ya tambaye ta game da shafinka, Yaya?

Mai Hoton Biki: Kamararsa ce fa, aikinsa ne.

Ɗalibar Shari'a: Bayanta ne kuma. Ku tuna Nuwamban 2020, da Rahama Sadau ta ɗora hotonta da riga mai buɗaɗɗen baya. Ita da kanta ta ɗora, ga suna ga magoya baya, amma sai da ta goge ta fito a bidiyo tana ba da haƙuri. Ina ga yarinyar da ba ta da kowa sai yayan nan?

Mai Studiyo: Na ji. Na sauke hoton yanzu. Amma ban yarda na tilasta ta ba.

Mai Kwalliya: Ka sauke, amma ya riga ya shiga WhatsApp, har dangin wanda zai aure ta sun gani. Gobe da safe zan je gidansu. Za ka bi ni ka yi wa mahaifiyarta bayani da bakinka?