Bakin dokina ya karkace bayan tiyata, zai dawo daidai kuwa?

MaiIngarma:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara, kwana 5 kenan da akayi wa dokina aiki a ƙafar baya, an masa allurar barci ya kwanta ta gefen hagu kusan awa 2, aikin yayi kyau alhamdulillah amma tunda ya farfaɗo leɓensa na ƙasa ta hagu ya saki yana reto, hancin kuma ya karkace ya koma dama. In yana shan ruwa sai ya tsoma baki har hanci, abinci kuma yana taruwa masa a kumatu sai na sa hannu na fitar. Likitan yace jijiyar fuska ce ta danne in yi haƙuri, amma wlh hankalina bai kwanta ba. Akwai wanda ya taɓa ganin haka?

Baban_Goɗiya:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan uwa, tawa goɗiyar ma haka ta mata. Tambaya ɗaya, da ragama a kansa lokacin da yake kwance? Don mafi yawanci abinda ke jawowa kenan, zoben ƙarfen ragama ne ke danne jijiyar a kunci, kaga nauyin kan doki duka a kan ɗan ƙarfe ɗaya na awanni. Mu sai da mukaga shatin zoben a fuskarta muka gane. Sati 3 leɓen ya fara motsi, wajen wata 2 ba ka ma cewa wani abu ya taɓa samunta.

LikitanDabbobi_H:
Malam MaiIngarma sannu, Allah ya bashi lafiya. Kafin komai ka je ka duba min abu biyu, kunne da ido. Ka taɓa gefen idon hagu da yatsa a hankali, yana ƙiftawa? Kunnen hagu a tsaye yake ko ya faɗi?

Dalilin tambayar, jijiyar nan ta 7 ce cikin jijiyoyin da suke fitowa daga ƙwaƙwalwa, tana fitowa ta gindin kunne sai ta rarrabu, wani reshe ya tafi kunne da fatar ido, wasu su bi ta saman naman muƙamuƙi su tafi leɓe da hanci, kuma waɗannan ɗin fata ce kawai a kansu shiyasa suke saurin dannewa. In leɓe da hanci ne kaɗai to matsalar a kunci take kuma irin wannan ne yafi warkewa. Karkacewa dama da kake gani, naman gefen mai lafiya ne ke ja tunda na hagu ya daina aiki.

In danniya ce kawai jijiyar bata lalace ba, daga 'yan kwanaki zuwa makonni take dawowa. In zaren cikinta ya mutu sai ya sake tsirowa, kusan milimita 1 a rana, kaga maganar watanni kenan. Wanda ya wuce wata 6 ba alamar motsi shine muke fara damuwa don naman wajen yana shanyewa.

Amma idon nan shi nafi ji, in baya ƙiftawa bushewa zaiyi ya yi gyambo, kuma gyambon idon doki ba wasa bane cikin kwana kaɗan zai iya rasa idon. Sai man shafawa na ido sau da yawa a rana, wani lokaci ma ana ɗinke gefen fatar idon na ɗan lokaci.

Sukuwa22:
Ni dai inaga a dinga gasa wajen da ruwan zafi ana murzawa sosai, jijiya ai gashi take so

LikitanDabbobi_H:
Ɗan uwa banda murza da ƙarfi dan Allah, jijiyar da aka danne kuma a ƙara dannata? Tausa a hankali ba laifi bayan kumburi ya sauka. Maganin kumburi irin bute ko flunixin kuma likitansa ne zai faɗi adadi, tunda bayan tiyata wataƙila yana kan ɗaya already, haɗa biyu yana taɓa ciki da ƙoda.

MaiIngarma:
Nagode sosai likita, yanzu na dawo daga wajensa. Yana ƙiftawa lafiya lau kunnen ma yana juyawa, har naji daɗi wlh. Baba gaskiyarka ne akwai ɗan tabo a kuncin daidai inda zoben yake zama. Abincin ya zanyi dashi?

Baban_Goɗiya:
Ka jiƙa masa yayi laushi, ka bashi a bokiti mai zurfi, ruwan ma haka. Bayan ya gama ka wanke kumatun da ruwa kar ragowar ta ruɓe a ciki. Kar ka sa masa linzami ko ka hau shi yanzu, doki ta hanci kawai yake numfashi kuma ƙofar hancin hagun nan rufewa take in ya ja iska da ƙarfi. Ka dinga ɗaukarsa hoto ta gaba duk sati, da ido ba zaka lura da canjin ba.